Nomau Mai Zanen Bango da Tafkin Bayan Dutse

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To ku ji ta da kunne. Ke Ladidi, ajiye gyaɗar nan, ba na magana ana ɓare-ɓare.

Wani mutum ne ana ce masa Nomau. Ubansa manomi, kakansa manomi, babu wanda ya koya masa zane. Shi dai in ya ga abu, sai hannunsa ya hana shi sakat, sai ya fitar da abin a bango. Jar ƙasa yake ɗebowa a bakin rafi, ya daka gawayi, ya roƙi katsi a marina, ya kwaɓa su da ruwan ƙaro don su kama. Sai ya tauna kan reshe kamar mai asuwaki, da shi yake shafawa. Bai yi wa gonarsa ha'inci ba, ku ji da kyau. Sai ya gama noma yake zane.

Ran nan ya shiga daji neman farar ƙasa. Ya yi nisa, ya wuce inda masu itace ke juyawa. Sai ya ɓullo bakin wani tafki, ruwa har inda ido ya ƙare. Namun daji suna sha, ba mai ɗaga kai, don ba su san kibiya ba. Nomau ya zauna ya kasa tashi.

Sai Barewa ta zo, mai farin tabo a goshi. Ta ce, "Ɗan Adam, me kake kallo?"

Ya ce, "Ke. Ina so in sa ki a bangona."

Ta ce, "Sa ni. Amma hanyar da nake bi in zo ruwa, kada ka sa ta."

Ya ce, "Na ɗauka."

Sai Gauraka ta sauko. Ta ce, "Ni ma sa ni. Amma kukar nan mai rabe biyu da nake kwana a kai, bar ta."

Ya ce, "Na ɗauka."

Sai Dorina ta ɗago kai daga ruwa. Ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Dutsen can mai kan tulu, daga garinku ana hangen sa. In ka sa shi, ka kashe mu."

Ya ce, "Baba Dorina, na ɗauka."

Ya koma gida ya kama bangon zaurensa. Ya zana ruwan tafki da katsi, ya sa Barewa tana sha, Gauraka ta buɗe fiffike, Dorina ta fito da ido da kunne. Mutane suka taru. Mata masu zuwa rijiya suka riƙa tsayawa da tulu a ka har wuya ya yi ciwo.

Sai ga Cindo maharbi, da baka a kafaɗa. Ya duba, ya kwashe da dariya. Ya ce, "Kai Nomau, barewar nan daga sama ta faɗo? Ina hanyarta? Wanda ya ga barewa da idonsa ya ga sawunta."

Mutane suka yi dariya. Nomau ya ce a ransa, hanya kaɗai me za ta nuna, daji cike yake da hanyoyi. Sai ya ja ta da jar ƙasa, da kwanarta da komai.

Cindo ya dawo. Ya ce, "Ita kuma gaurakar a iska take kwana? Na ga alama a bakin masu hira ka ji ta."

Nomau ya ce, "Da idona na gan ta!"

Cindo ya ce, "To ina itacenta?"

Sai Nomau ya ɗauki gawayi ya tsayar da kuka mai rabe biyu.

Cindo ya sake dawowa, ranar zaure ya cika. Ya ce, "Jama'a, ni aka haifa a daji. Tafki irin wannan babu shi a ƙasar nan. Mutumin nan mafarki ya yi, ya shafa mana a bango."

Wani tsoho ya ce, "Nomau, ashe ƙarya ce?"

Nomau bai taɓa zana abin da bai gani ba, kuma bai iya haɗiye wannan kalma ba. Ya ɗauki reshen. Nan take, a gaban kowa, ya kafa dutse mai kan tulu.

Cindo bai yi dariya ba. Ya dubi bango, ya juya ya dubi gabas inda kan dutsen ke leƙowa. Ya gyara bakansa, ya tafi ba sallama.

Ran kasuwa Nomau ya bi ta rumfar mahauta. Sai ya ga fata a shanye, da farin tabo a goshi. Gefe guda yara na wasa da gashin gauraka. Maharba kuwa sun cika kasuwa, kowa na tambayar Cindo hanya, shi ko sai ya ce, "Ku je ku duba bangon Nomau."

Nomau ya zura da gudu, ƙaya na yagar ƙafarsa, har bakin tafki. Tsit. Sawun mutane ko'ina, da tokar inda aka babbaka nama. Sai Dorina ta ɗago kai, da kibiya a kafaɗa.

Ya durƙusa ya ce, "Baba Dorina, zan kankare bangon."

Ta ce, "Za ka kankare shi daga idon Cindo?"



Ta sake cewa, "Me ya yi maka?"

Ya ce, "Maƙaryaci ya kira ni."

Ta ce, "Ka mutu da ya kira ka?"

Ya ce, "A'a."

Ta ce, "Barewa ta mutu. Waɗanda suka saura sun tashi, ni ma yau zan bi kogi. Ka riƙe na bango, su kaɗai suka rage maka." Ta nutse.

To bangon ƙasa kun san halinsa. Damina ta zo, ruwa ya wanke Gauraka. Nomau ya kwaɓa ƙasa zai mayar, ya rasa yadda wuyanta yake lanƙwasa, ba kuma inda zai je ya duba. Wata damina ta ɗauke Barewa. Wata ta ɗauke Dorina. Har ya tsufa, duk rani yana fitowa da katsinsa ya zana ruwan tafki, ruwa kawai. In yara suka ce, "Baba, ina namun?" sai ya ce, "Sun tafi," ya ci gaba da shafawa.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare ke nan. Wanda ya ba ka amana, ko duk gari sun ce ka yi ƙarya, ka haɗiye, zagi ba ya fasa ƙashi. Ku tashi, kowa ya naɗe tabarmarsa.