Sannu a Kan Tudu

Akwai wani mai gyaran babur a unguwar Asawase, sunansa Idirisu. In dai ana tsere ko ƙwallo a unguwa, ba sai ka tambaya ko ya zo ba, muryarsa za ta gaya maka. Allah ya ba shi maƙogwaro, shi kuma bai yi rowarsa ba. Sai dai ihunsa na wanda ke gaba ne. Na baya kuwa ba su ishe shi kallo ba.

Yana da amini tun na ƙuruciya, wani tela mai suna Sanni. Bara hawan jini ya kwantar da Sanni, ya tashi yana jan ƙafar hagu. Wata takwas ya yi yana koyon tafiya a tsakar gida yana dafa bango.

Da matasan unguwa suka shirya tseren bayan Babbar Sallah, daga Asawase zuwa Aboabo a dawo, sai Sanni ya je ya ba da sunansa. Ya san ba zai ci ba. So yake ya gama, ya tabbatar wa kansa ƙafar nan har yanzu tasa ce.

Ana gobe tsere ya sami Idirisu a wurin aiki.

"Idi, abu ɗaya nake roƙo. Tudun nan na hanyar dawowa, inda Hajiya Humu ke sayar da koko, shi nake tsoro. Ka tsaya mini a can."

"Yoo, an gama," in ji Idirisu. "Ni da kai kuma?"

Da safe ya cika alkawari, ya je tudun. Babu kowa sai Hajiya Humu da bokitin ruwan leda. Duk yaron da ya hawo yana haki sai ta miƙa masa ruwa ta ce, "Sannu, ɗana. Sannu, 'yata."

Idirisu ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Ei, Hajiya! Ana tsere kina cewa sannu? So kike su rage gudu? Ai wannan gaisuwar majinyaci ce."

"Kai yi naka, ni in yi nawa," ta ce, ba ta ko dube shi ba.

Can sai ga Barakatu, 'yar maƙwabcinsa, ta biyo wani saurayi kamar za ta taka masa dunduniya. Idirisu ya zabura.

"Wuce shi! Barakatu, wuce shi!"

Ya ce wa Hajiya yanzu zai dawo, ya haye babur ya bi su har wurin ƙarewa. Can ne taro yake, can ne ganguna. Barakatu ta zo ta ɗaya a cikin 'yan mata. Idirisu ya yi ihu, ya yi rawa, ya shiga hoton kowa, har muryarsa ta dushe. Kun san daɗin taro, yakan sa mutum ya manta abin da ya fito da shi daga gida.

Bai farga ba sai da ya ga ana tattara kujeru. Wani matashi, Abubakari, yana naɗe igiyar ƙarewa. A gefe kuma Rafia, matar Sanni, tana tsaye tana leƙen hanya. Da ta gan shi ta ƙaraso da sauri.

"Malam Idi, kai ne a nan? Ya ce mini kar in damu, kana jiran sa a tudu."

Idirisu ya juya da sauri. Ya riƙe hannun Abubakari ya ce, "Don Allah kar ka naɗe. Saura mutum ɗaya."

Da ya koma, ya tarar da Sanni zaune a bakin kwata a tsakiyar tudu. Ya cire lambar da aka maƙala masa a ƙirji ya ajiye a ƙasa. Hajiya Humu na yi masa fifita da murfin bokiti.

Sanni bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Sau uku na ɗaga kai ina neman ka."

Kunya ta rufe Idirisu. Ya buɗe baki don ya ƙarfafa masa gwiwa, sai ya ga duk abin da ya iya faɗa ba shi da amfani a nan. Ya ce wuce shi? Babu wanda za a wuce. Ya ce yi gudu? Mutumin da ƙyar yake tsayuwa. Kalma ɗaya ta rage masa, ita ce wadda ya yi wa dariya da safe.

Ya durƙusa, ya ɗauki lambar ya karkaɗe, ya ce da dusasshiyar murya, "Sannu, Sanni. Wallahi ka yi ƙoƙari. Sannu."

Sanni ya dube shi. Sannan ya karɓi lambar ya mayar a ƙirji, ya miƙe. Bai yarda a riƙe shi ba. Idirisu ya bar babur ɗinsa wurin Hajiya, ya bi shi a ƙasa, kowane taku da sannunsa.

Barakatu ce ta fara hango su. Ta kira sauran yaran, suka ja igiya suka miƙe ta. Da suka ji abin da Idirisu ke faɗa sai suka ɗauka baki ɗaya: "Sannu, Baba! Sannu!"

Ƙirjin Sanni ya taɓa igiya bayan makaɗa sun daɗe da tafiya. Rafia ta rufe fuska da mayafi. Idirisu, mai maƙogwaron unguwa, hawaye kawai yake yi.

Da shekara ta zagayo aka sake tseren, ba a gan shi wurin ganguna ba. Yana kan tudu riƙe da bokitin Hajiya Humu. Ta harare shi ta ce, "Ashe kai ma ka koyi gaida majinyata?"

Ya ce, "Hajiya, ni ne majinyacin."

Darasi: Wanda ya zo na ɗaya ba zai rasa mai tafa masa ba. Wanda ke baya yana jan ƙafa shi ke neman fuskarka a kan tudu. In ka ce wa mutum za ka tsaya masa, ka tsaya inda ya ce, kuma kada ka raina kalmar sannu. Ku tura wa wanda ya taɓa tsaya muku lokacin da kowa ya watse.