Bunsuru da Mota Marar Direba

An yi wata Tunkiya a wani gari da kwalta ta raba biyu, gidaje a nan, ciyawa a tsallake. Ba ta da yawan magana, sai kallo. Motoci sun kwashe mata 'ya'ya, saura auta. Duk sanda aka buge wani, sai dabbobi su ce, "Tsautsayi ne," washegari a ci gaba da tsallakawa.

Ana nan aka daina ganin manyan motoci, aka kawo wata marar direba tana jigilar kaya. Tunkiya ta lura ko ɗan tsako motar ta gani, sai ta tsaya. Hankalinta ya fara kwanciya.

Ran nan motar ta shafi jelar Agwagwa, sarauniyar kwakwazo.

"Wayyo, ta kashe ni!"

Bunsuru, mai ji da kansa, ya tara dabbobi. "Kun gani ko? Sai ta bar garin nan!"

Tunkiya ta ce a hankali, "Yaya Bunsuru, ai gashi kawai ta tuge. Da masu direba suka kashe 'ya'yana, wa ya kira taro?"

"Rufe mana baki, sanyin tsiya! Direba ko ba komai ya leƙo ya ce sannu. Wannan fa, wa za mu zaga?"

Kullum sai Bunsuru ya kwanta tsakiyar titi yana tuƙa, motar ta tsaya tana jira.

"Kun ga tsorona take ji!"

Da masu ita suka gaji, suka mai da ta wani gari. Manyan motoci suka dawo, har da wata tsohuwar tifa, direbanta na gyangyaɗi. Bunsuru ya miƙe ƙafa a inda ya saba.

Tunkiya ta ɗaga murya, "Yaya, tashi! Wannan akwai mutum a ciki!"

Ko kallonta bai yi ba. Tifa ta karya masa ƙafa da ƙaho, ta wuce.

Tun daga ranar Tunkiya ta ƙarƙashin wata gada take bi da autanta, duk da nisa da taɓo.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, sabo yakan sa mu daina ganin haɗari, baƙon abu kuwa ƙaramin laifinsa sai ya cika mana ido. Kafin mu kori abu, mu fara duba abin da zai maye gurbinsa.