Tanimu a Tsohuwar Rijiya

Ku matso, ga wata nan taku, amma wannan ku ne za ku yanke mata hukunci.

A wani ƙauye an yi wata yarinyar mace, Uwani, da ɗanta na fari, Tanimu. Yaron nan bai san zama ba. Ya zubar da tsaki, ya cusa hannu a toka, ya yi ta tsala kuka don an hana shi cin sabulu. Lokacin da yake goye, Uwani cewa take, "Allah ka nuna mini ranar da zai taka ƙasa." Da ya taka, ta koma, "Allah ka kai mu yaye in huta."

Yaye ya zo, aka kai shi wajen Goggo Ladidi, yayar mijinta, wadda ke aure a wani ƙauye kuma Allah bai ba ta haihuwa ba. Wata guda aka ce. Uwani ta ɗanɗana barci, ta ci tuwo da zafinsa, sai ta aika a ƙara masa wata. Ta sake aikawa. Sai da ya yi wata bakwai.

Ranar da Ladidi ta dawo da shi, ya zo da baki. Uwani ta miƙa hannu, ya ɓuya bayan zanen goggonsa ya ce, "Inna, wace ce?" Uwani ta yi dariya don mutane, amma ranar ko ruwa bai wuce mata da daɗi ba. Ladidi ta zauna kwana biyu wai ya saba, tana yi tana faɗin, "Ai ba ya shan koko sai da ƙuli." Kakar yaron, Iya Dela, uwar mijin Uwani, ita ma ta shigo da nata: "Ku bar mini maigidana, a ɗakina zai zauna." Uwani kuwa kunyar ɗan fari ta ɗaure mata baki, ko sunansa ba ta iya kira. Sai kallo, yana bacci a cinyar wata.

Rannan da hantsi, maza duk suna gona mai nisa, aka nemi Tanimu aka rasa. Uwani da Ladidi suka zabura za su nufi kududdufi. Iya Dela ta daka musu tsawa. Ita da ke wuni a bakin zaure ta lura kullum yana bin wata kaza mai 'ya'ya, kazar kuma bayan gida take kiwo. Ta duƙa da sandarta tana bin ɗan sawunsa a rairayi har cikin gonar dawa. Da sun tafi kududdufi, da sun wuni a can.

Dawa ta fi mutum tsawo, sawu ya ɓace. Uwani tana ta "Kai yaro! Kai yaro!" ba amsa. Ladidi ta ce a yi shiru. Ta san in ya tsorata ƙanƙame bakinsa yake yi, ko an kira sunansa. Sai ta soma tafa hannu irin wasan da suke yi in za ta yi masa wanka, uku a jere, ta tsaya. Can ƙasa-ƙasa suka ji ɗan tafi ya amsa. Yana cikin wata tsohuwar rijiya da ƙasa ta cike rabinta, ciyawa ta rufe bakin.

Bakin rijiyar ƙunci gare shi, gefenta kuma yana zubewa. Ladidi mai jiki ce, Iya ta tsufa. Uwani ta ɗaure zanenta tam, ta kwanta rub da ciki ta zura kai. Su biyun suka riƙe ƙafafunta. Ƙasa tana zuba mata a ido da baki, ta lalubo hannun yaron ta damƙe. Da suka jawo su, kafaɗarta ta goce, amma ba ta sake shi ba.

Yana fitowa, ya fizge daga hannunta ya faɗa jikin Ladidi yana kuka, "Inna! Inna!" Uwani tana zaune a ƙasa, hannu a saɓule, tana kallonsu.

Da la'asar Tukur, uban yaron, ya dawo ya tarar da magana. Ladidi ta ce, "Ƙanena, jibi zan koma, kuma da shi zan tafi. Kowa ya ga wajen wa ya gudo. Wata bakwai ina wanke kashinsa, wa ya zo ko leƙe?"

Iya Dela ta ce, "Ke tafi can. Kuna ta 'nawa ne, nawa ne', wa ya san inda ƙafarsa ke zuwa? Da ba don ni ba, da gawa za ku raba."

Sai Uwani, wadda ba a taɓa jin muryarta gaban surukarta ba, ta ce, "Na gaji, na ce a ƙara masa wata, ban musa ba. Amma Tanimu ɗana ne. Ku bar mini shi ya san ni."

Kowa ya juyo ya dube ta, don ba a taɓa jin ta ambaci sunan ba. Tukur ya dubi uwarsa, ya dubi yayarsa, ya dubi matarsa. Yaron kuwa yana cinyar Ladidi, yana cin gyaɗar da Iya ta ɓare masa.

Da kakar ba ta bi sawu ba, ba za a je gonar ba. Da goggon ba ta tafa ba, ba za a ji shi ba. Da uwar ba ta shiga ba, da ƙasa ta rufe shi. To, ku da kuka ji, a ɗakin wa ya kamata Tanimu ya zauna?