Akushin da Ba a Buɗe Ba

Akwai wata ƙasa can tsakanin duwatsu, ana ce mata Zarmana. Doki ba ya iya hawan hanyoyinta, saboda haka mayaƙanta duka dakaru ne, wato masu yaƙi da ƙafa. Ba su da yawa, ba su kuma fi maƙwabtansu makamai ba. Abin da suke da shi kawai tsari ne, sun kuwa riƙe shi hannu bibbiyu.

Ga yadda tsarin yake. Kowane mutum goma ana kiransu akushi ɗaya, domin a akushi ɗaya suke cin tuwo. Uku suna riƙe da garkuwa, uku mashi, biyu kwari da baka, ɗaya yana ɗauke da salkar ruwa. Na goman shi ne uban akushi, shi kuwa a baya yake tafiya, yana duban sauran. Akushi biyar suna bin ganga ɗaya. Ganga biyu suna bin tuta ɗaya, mutum ɗari ke nan. Tuta goma su ne runduna, a hannun Sarkin Yaƙi.

Dokokin akushi biyu ne tak. Ta fari, ba a buɗe akushi sai mutum goma sun zauna. Sau biyu ake ci, da hantsi da kuma yamma, in kuwa aka ga gurbin wani, sai a bar tuwo a rufe a tashi nemansa. Ta biyu, wanda ya faɗi a hanya ya zauna inda ya faɗi, kada ya gusa ko nan da can, don 'yan akushinsa su same shi. Da dokokin nan biyu, ba a taɓa jin dakaren Zarmana ya ɓace fiye da rabin yini ba.

Ana nan sai aka ba wani mutum mai suna Korau tuta. Jarumi ne, wannan ba musu. Ga tsawo, ga sauri, in ya sa ƙafa a hanya sai mai rabon wahala ke jerawa da shi. Amma yana da ciwon nan na masu sauri: gani yake duk wanda ke bayansa da gangan yake yi. Tun yana mai riƙon mashi, ba abin da ke ƙona masa rai kamar zaman jiran tuwo. Ga yunwa, ga ƙamshin miya, amma a ce kowa ya naɗe hannu sai wani mai jan ƙafa ya iso.

Wata rana labari ya zo cewa abokan gaba sun taso daga arewa. Sarkin Yaƙi ya kira Korau ya ce, "Ɗauki tutarka ka je ka tsare mashigin arewa. Tafiyar kwana uku ce. In ka isa ran na uku, ya yi."

Korau ya ce, "An gama, ranka ya daɗe." Amma a zuciyarsa ya riga ya mai da ukun nan biyu.

Ya tara mutanensa ɗari, ya rushe akussa duka goman. Ya tsince masu sauri ya sa su gaba tare da shi. Masu salka ya haɗa su wuri ɗaya a tsakiya. Iyayen akushi kuwa, da yake yawancinsu sun manyanta, ya ɗora musu tukwane da akussa da buhunan gari, ya ce su biyo baya a hankali. Ya ce ba zaman tuwo sai an isa, kowa ya ƙulle guzurinsa ya ci yana tafe.

A cikin iyayen akushin akwai wani dattijo, Baba Tanimu, wanda ya yi shekara ashirin yana tafiya a bayan mutum tara. Ya matso ya rusuna ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka raba mu haka, wa zai ƙirga wa?"

Korau ya ce, "Haba Baba, mazaje ne ɗari, ba awaki ba. Kowa da ƙafarsa, kowa ya san hanya."

"Na san suna da ƙafa, ranka ya daɗe. Mai duba su nake tambaya."

"In mun isa, ka ƙirga har ka gaji."

Wasu suka yi dariya. Baba Tanimu ya naɗa gammo ya ɗauki tukunyarsa.

Gaskiya dai a faɗe ta, dabarar Korau ta yi aiki. Ran na biyu da tsakar rana tutarsa tana kaɗawa a bisa mashigin. Washegari da safe abokan gaba suka ɓullo, suka hango tuta da mashi jere a kan dutse, suka yi shawara a tsakaninsu, suka juya. Ko kibiya ɗaya ba a harba ba. Dakaru suka yi ta sowa suna kiran sunan Korau, shi kuwa farin ciki ya cika shi har ba ya iya zama wuri ɗaya.

Da yammacin ranar iyayen akushi suka iso da kayansu, ƙafafu sun yi futu-futu. Aka hura wuta aka tuƙa tuwo, karo na farko cikin kwana uku. Kowane uba ya tsaya yana kiran mutanensa da sunayensu, kamar yadda aka saba. Nan da nan akussa tara suka buɗe, sai ƙarar hannu da hira kake ji.

Korau yana zagayawa yana ba'a da mutane, sai ya iske akushi ɗaya a rufe. Mazaje sun kewaye shi sun yi jugum, ba wanda ya ko wanke hannu.

Ya ce, "Baba Tanimu, yaya ba ku ci ba? Ko miyar ce ba ta yi ba?"

Dattijon ya ɗaga kai ya ce, "Mu tara ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya rage?"

"Cindo, mai salkarmu."

Korau ya yi ƙoƙarin tuna fuskar Cindo, da ƙyar ta zo masa: wani gajeren mutum marar yawan magana. Ya sa aka kira sauran masu salka. Suka ce, "Ai tun hantsin ranar farko ya ce wani abu ya sare shi a ƙafa, ya ratse gefen hanya ya duba. Mun ɗauka na baya za su taho da shi." Aka tambayi na baya, suka ce ga ciyawa ta yi tsawo, ga kaya a ka, su kuma a saninsu Cindo yana gaba. Aka tambayi na gaba, suka ce su ba su waiwaya ba, don ba a ce su waiwaya ba. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinsu, ba kuma wanda yake ƙin Cindo.

A take Korau ya bar tuta a hannun masu ganga biyu, ya ɗauki mutum huɗu, ya koma ta hanyar da ya zo. Bai taɓa sauri irin na wannan karo ba, har mutanen da ya ɗauka suka yi ta roƙonsa ya sassauta.

Bayan doguwar tafiya, suka hango wata sanda a kafe a bakin hanya, an rataya mata hula. Suka ratsa ciyawa, taku kaɗan, sai ga Cindo kwance a gindin marke, an rufe shi da ganye. Wani manomi yana zaune kusa yana korar ƙuda.

Manomin ya miƙe ya ce, "Sannunku da zuwa. Ku ne mutanensa?"

Korau ya ce, "Mu ne."

"Ayya. Maciji ne. Ran nan ina dawowa daga gona na same shi, ƙafa ta kumbura. Na ce masa, bawan Allah, ga jakina, ga ƙauyenmu can kana hango rufin ɗakuna, muna da mai maganin sara. Ya ce a'a, 'yan akushinsa suna zuwa, in ya tashi za su sha wahalar nemansa. Na kawo masa kunu. Washegari na dawo na yi ta roƙonsa, ya ce in yi haƙuri, sun kusa, wataƙila wani abu ne ya tsare su. Da na ga ba zai tashi ba, sai na je na ɗauko mai maganin, amma dafi ya riga ya hau. Ya ce kada in bari a ɗauke shi daga nan, ko da ya mutu. Shi ya sa ban binne shi ba."

Korau ya dubi ƙauyen. Kusa yake ƙwarai, har ana jin dakan mata. Ya durƙusa a gaban gawar, kunya da baƙin ciki suka rufe shi, ya yi kuka a gaban mutanensa bai damu da wanda ke kallo ba. Suka haƙa kabari a gindin marken suka binne Cindo. Korau ya ɗauki salkarsa ya koma da ita.

Ya tarar Sarkin Yaƙi ya iso mashigin da sauran runduna. Korau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ba da labari duka, bai rage komai ba.

Sarkin Yaƙi ya ce, "Kwana nawa na ba ka?"

"Uku, ranka ya daɗe."

"Mutum nawa abokan gaba suka kashe maka?"

"Ko ɗaya."

"To, wa ya kashe wannan?"

Korau ya sunkuyar da kai.

Sarkin Yaƙi ya ce, "Cindo ya kiyaye doka har ta ci ransa. Kai ka karya ta, aka yi maka sowa. Tutar za ta zauna a hannuna har mu koma gida. Akushin Tanimu ba shi da mai salka, ga salka kuwa a kafaɗarka. Tafi ka cike musu goma."

Haka Korau ya koma Zarmana, a tsakiyar layi, yana shayar da mutum tara, Baba Tanimu yana biye da shi a baya.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Rundunar ita ce ikkilisiyar Ubangiji. Akushin shi ne 'yan mutanen nan da Allah ya sa kusa da kai: waɗanda kuke zama benci ɗaya, ajinku na makarantar Lahadi, rukuninki a zumuntar mata, maƙwabtan da kuke tahowa sujada tare. Ubangiji bai ba ka mutum ɗari ka ƙirga ba, ya san ba za ka iya ba. Tara kawai ya ba ka, wani ma bai kai tara ba.

Korau kuwa ba mugu ba ne, kada wani ya ce shi ba ruwansa. Korau shi ne mu, sa'ad da aikin Allah ya fi mana mutanen Allah muhimmanci. Muna sauri mu gama ginin majami'a, muna sauri taron shekara ya yi kyau, mawaƙa suna sauri su ci gasa. Duk abubuwa ne masu kyau, ana kuma yi mana tafi. Amma masu ƙarfi sun haɗu da masu ƙarfi sun yi gaba, ba wanda aka bar wa aikin waiwaye.

Sai wata 'yar'uwa ta yi Lahadi uku ba a gan ta ba. Mata su ce ai Fasto ya sani. Fasto ya ɗauka dattawa sun je. Dattawa su ce wannan ai sha'anin mata ne. Kowa yana da hujja mai kyau, ba kuwa wanda ya taka ƙofar gidanta. Ni mai faɗa muku wannan na taɓa yin haka, ina kuma jin kunyarsa har yau.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne Cindo. Mu ne muka koya wa mutanenmu cewa mu iyali ɗaya ne, in ka faɗi za mu zo. Waɗansu sun gaskata mu da zuciya ɗaya. Suna kwance da ciwo, ko da kunyar wani zunubi, ko da talaucin da ya hana su fitowa cikin mutane, maƙwabta suna tambaya, su kuwa suna cewa, "'Yan ikkilisiyarmu suna zuwa." Mai Cetonmu bai taɓa barin wanda ya jira shi ya ji kunya ba, amma sau da yawa da ƙafafunmu yake so ya je.

Saboda haka kada ka ce bari in gaya wa Fasto, kada ki ce sai ranar zumunta. Dubi gefenka na dama, dubi na hagu, ka tuna wanda ya saba zama a wurin. In sunan wani ya faɗo maka a rai yanzu, to, shi ne. Ka san hanyar gidansa, ka je yau.