Tsakuwar da ba ta isa gida ba

Akwai wani direban tifa mai suna Lamidi, yana ɗaukar tsakuwa daga wurin fasa dutse a Abekuta yana kai wa magina a Legas. Rabonsa da ƙauyensu Alagbede an daɗe. Duk inda ya ji ƙamshin miyar ewedu sai mahaifiyarsa ta faɗo masa a rai.

Kowace damina tsakar gidanta kan zama taɓo, har ta taɓa zamewa ta gurɗe. Kullum a waya yakan ce, "Maami, ki ƙara haƙuri. Da tsakuwa mota guda zan zo in shimfiɗe miki gidan nan."

Ita kuwa sai ta ce, "Kai dai ka zo, Ajani." Da wannan sunan take kiransa tun yana goye.

Ranar da maigidansa ya ba shi aron motar, an kwana ana ruwa. Lamidi ya ɗaure katakai a saman bodi don ta ƙara ci, ya ja ta gaban katafilar Mufutau, dattijon da ke yi musu lodi.

Mufutau ya zuba daidai ƙa'ida ya tsaya.

Lamidi ya ce, "Egbon, babban yaya, ƙara mana! Gidan uwata za ni, ba gidan baƙo ba."

"Kai, ɗan Iya! Ka manta gadar garinku? Tan ashirin da biyar aka rubuta a bakinta."

"To ai lodin bai kai ba."

"Ita motar auduga ce? Ko babu komai a cikinta ta cinye kusan rabi. Ga tsakuwar ta sha ruwa. Yi sawu biyu, ka ci amala sau biyu."

Lamidi ya yi dariya. "In shiga garinmu da rabin mota, a ce abin da na iya ke nan? Tsufa ya sa maka tsoro, Egbon."

Mufutau ya girgiza kai, ya zuba har ta yi tozo.

Lamidi ya kauce wa sikelin auna nauyin motoci na babban titi, ya bi ta hanyar gonaki. Motar na nishi, shi kuwa yana hango fuskar Maami da guɗar maƙwabta.

Da ya iso gadar, rafin ya cika ya batse. Ya ga allon tan ashirin da biyar ɗin, ya kau da kai, ya hau gadar. Tayoyin baya na hawa ya ji wata ƙara a ƙarƙashinsa. Nan take ya ja da baya. Motar ta sauka daga kanta ke nan, tsakiyar gadar ya rufta cikin ruwa.

Ba a rasa rai ba. Amma ita kaɗai ce hanyar shiga Alagbede, kuma babu mai kwalekwalen da zai tunkari wannan ruwa. Mata masu kai garin rogo kasuwa suka tsaya cirko-cirko da kaya a kai.

Can sai ga Maami a wancan ƙetare, tana dogara sanda, da kwano a rufe a hannunta. Tun asuba ta tuƙa masa amala, don ya ce mata yana tafe.

"Ajani! Ba ka ji ciwo ba?"

Ya kwanta rub da ciki a cikin taɓon ya gaishe ta, kamar yadda ya saba.

"Lafiyata ƙalau, Maami! Ga tsakuwarki na kawo!"

Ta dubi tulin da ke kan motar, ta dube shi.

"Ka rame," in ji ta. "Ni na taɓa ce maka ina kewar tsakuwa?"

Ya tashi daga taɓon. Ta zauna a bakin ruwan da kwanon a cinyarta, shi ma ya zauna a nasa gefen. Suna kallon juna har abincin ya huce.

Darasi: Ba don a tauye direba aka ƙayyade nauyin kaya ba, sai don kowa ya isa gida. Ka lissafa da nauyin motar, ka tuna jiƙaƙƙen kaya ya fi busasshe nauyi. Gara sawu biyu da a tsaya ana hangen gida daga ƙetare. Ku tura wannan labari ga duk direban da wata uwa ke jiran dawowarsa.