Motar da Aka Wanke Ba a Matsar da Ita Ba

A wani birni akwai wani mutum, magidanci, wanda mahaifinsa ya rasu ya bar masa mota. Da ita ya yi haya shekara goma sha biyu, da ita ya ciyar da iyalinsa, a cikinta kuma ya ɗauko amaryarsa daga coci. Wata rana injin ya buga. Aka turo ta har ƙofar gidansa, aka ajiye a bakin layi, ya ce sati mai zuwa zai gyara.

Sati mai zuwan nan sai da ya kai shekara uku. Duk wanda ya tambaye shi, amsa ɗaya ce: “Batir ne kawai ya yi sanyi.” Ni dai ban taɓa ganin batirin da ya shekara uku yana sanyi ba, amma haka yake faɗa, fuska a ɗaure, ba mai iya musa masa.

Layin kuwa matsattse ne, motar ta cinye rabinsa. Ran nan wata tsohuwa a ƙarshen layin ta yanke jiki ta faɗi. Motar asibiti ta zo, ta kasa shiga. A kan kujera aka ɗauko tsohuwar, cikin zafin rana, har bakin titi. Mutumin yana tsaye yana kallo, ya ce, “Allah ya ba ta lafiya,” ya koma cikin gida.

Birnin nan yana da doka. Duk motar da aka yasar a kan hanya, in aka kai rahoto, ma'aikata za su zo su sa mata alama, su ba mai ita kwana bakwai. In ya kawar da ita, tasa ce. In bai kawar ba, janwe za ta zo, wato babbar motar nan mai jan matattun motoci, ta kai ta filin hukuma, daga can sai hannun 'yan gwangwan masu yanka ƙarfe. Motar da ta je can ba ta dawowa.

Ranar Litinin da safe sai ga ma'aikaci. Ya manna takarda a gilashin gaba, ya ɗauko jan fenti ya ja layi daga tayar baya har ƙasa. Ya ce, “Baba, Litinin mai zuwa ƙarfe goma zan dawo. Ban ce lallai sai ta tashi ba. Ta bar kan hanya kawai, ko da turawa ce.”

Mutumin kuwa yana ƙaunar motar nan ƙwarai. Amma maimakon ya nemi masu tura ta, sai ya shiga neman wanda ya kai ƙararsa. Talata da Laraba duk a nan suka tafi. Ya zargi mai shago, ya zargi mai wanki, ya daina amsa gaisuwar rabin unguwa.

Ranar Alhamis maƙwabcinsa, wani bakanike, ya yi sallama. Ya ce, “Ɗan'uwa, ka daina wahalar da kanka. Ni na kai rahoton. Sau uku na yi maka magana ba ka ji ba, na kuwa ga yadda aka ɗauki tsohuwar nan. Amma ba na so ka rasa motar mahaifinka. Tsatsa ta cije birkinta, sai na yi kwana biyu ina jiƙa shi da mai kafin tayoyin su juya. Bari in fara, mu tara maza shida mu tura ta garejina.”

Mutumin ya ce, “A tura motata a idon jama'a, kowa ya ce ta mutu? Kuma kai, da ka tona mini asiri?” Ya rufe ƙofa.

Matarsa ta ce, “Baban Rifkatu, kowa fa ya san ta mutu. Kai kaɗai ne ba ka yarda ba.”

Sai ya yi shawara a ransa. Ranar Juma'a ya ɗebo ruwa bokiti takwas, ya wanke motar tas. Ya ari famfo ya cika tayoyin da iska. Ya yage takardar, ya sa kananzir ya goge jan fentin, ya share na ƙasa da tsintsiya. Ranar Asabar bakaniken ya sake zuwa, da jak a kafaɗa da galan ɗin mai a hannu, ya ce, “Yau ce rana ta ƙarshe da aikin zai yiwu.” Mutumin yana goge gilashi, ko ɗaga kai bai yi ba. Ranar Lahadi ya je sujada, ya fi kowa ɗaga murya a waƙa, amma abincin rana ya kasa ci.

Litinin ta zo. Ƙarfe goma saura kaɗan aka ji rugugin janwe da ƙarar sarƙa. Mutane suka fito ƙofar gidajensu. Motar kuwa tana ta ƙyalli kamar sabuwa.

Mutumin ya tari ma'aikacin da murmushi, gumi na bin wuyansa. Ya ce, “Ka gan ta, lafiyarta ƙalau. Jiya ma na fita da ita.”

Ma'aikacin bai dubi ƙyallin ba. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi. Tayoyin sun nutse cikin ƙasa, ciyawa ta tsiro ta nannaɗe ƙarafan motar, ga kaza kwance a kan ƙwai. Ya miƙe ya kakkaɓe gwiwarsa, ya ce, “Baba, har da kazar kuka fita?” Ba wanda ya yi dariya. Ya duba agogo ya ce, “Saura minti biyar. In ta motsa, taka ce.”

Mutumin ya shiga motar, ya murɗa makulli. Shiru. Ya sake murɗawa. Shiru. Sai ya fito, ya manta da kunya, ya ce da ƙarfi, “Jama'a, ku taimake ni! Ta mutu, ku zo mu tura!”

Wanda ya fara rugowa shi ne bakaniken. Mai shago ya zo, mai wanki ya zo, har suka cika shida. Suka sa kafaɗa, suka tura har jijiyoyin wuyansu suka tashi. Motar ba ta gusa ko da taku ɗaya ba. Bakaniken ya ɗago, idonsa da hawaye, ya ce, “Kwana biyu na roƙe ka, ɗan'uwa. Minti biyar ba za su isa ba.”

Aka kore kazar, aka ɗaura sarƙa. Janwe ta ja motar, tayoyin baya ba sa juyawa, suna tsaga ƙasa har bakin titi. Mutumin ya tsaya a tsakiyar layi da makulli a hannunsa.

'Yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi. Motar ita ce zunubin da ka ajiye a ƙofar ranka kana cewa sati mai zuwa: fushin da kake riƙe da ɗan'uwanka, ƙaryar da ka saba, kwalbar da kake ɓoyewa. Kana tsammani kai kaɗai ya shafa, alhali ya tare wa wasu hanya, iyalinka ne ma suka fi shan wahalarsa. Kwana bakwai ɗin nan haƙurin Ubangiji ne. Yana da tsawo, amma yana da iyaka, kai kuwa ba ka san ranar da kake ciki ba.

Bakaniken shi ne ɗan'uwan da ya gaya maka gaskiya. Ku lura, wanda ya kai rahoton shi ne ya zo da jak da mai. Mu kuwa sai mu ƙi shi, mu ɗauki bokiti. Wankin motar shi ne fararen kayanmu na Lahadi da muryarmu a waƙa. Mutane za su ga ƙyalli su yaba, amma Ubangiji durƙusawa yake yi ya leƙa ƙarƙashi.

Abin da ya fi ba ni baƙin ciki shi ne, ba a ce wa mutumin nan ya gyara injin da kansa ba. Ya yarda ta mutu, ya bari a taimake shi, shi ke nan. Ya kuwa faɗi hakan da bakinsa a gaban kowa, sai dai ranar Litinin ya faɗa. Da ranar Alhamis ce, da yau motar mahaifinsa tana gareji.

Kai da kake jin muryata, ban san abin da ka ajiye a ƙofarka ba, kai ka sani. Tun ba a ji ƙarar sarƙa ba, ka buɗe wa mai sallama ƙofa.