'Yan Sito Goma Sha Uku

Akwai wani malamin aji huɗu da ɗalibai ke kira Malam Dogo. In ka tambaye shi yaushe zaluncin da aka yi wa wasu 'yan ajinsa ya fara, ba ya cewa "can baya". Cewa yake yi: ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, ƙarfe takwas da rabi na safe, yau shekara goma sha biyu ke nan.

A safiyar ranar Hedimasta ya tara malamai a ofishinsa, riƙe da wata wasiƙa. Masu bincike daga jami'a za su zo su gwada 'yan aji huɗu. Suna son gano abin da ke sa yaro ya tsani karatu, kuma duk makarantar da aka samu yara masu rauni, za a turo mata malaman tallafi da littattafai.

Wannan ɓangare na ƙarshe bai dami Hedimasta ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne sunan makarantarsa zai shiga rahoto.

Ya ce, "Malam Dogo, ka ware min daƙiƙan ajinka, ka kai su sito har baƙin su tafi. Ba za a zo har gida a ci min mutunci ba."

Malam Dogo ya ce, "Ranka ya daɗe, ai don irinsu aka zo."

"Tsawonka ya ishe mu, Malam. Kada ka ƙara mana da dogon surutu."

Malamai suka yi dariya. Shi ma ya yi murmushin yaƙe. A nan kuma dole a faɗi gaskiya yadda take: ya koma aji, ya buɗe rajista, ya kira suna goma sha uku da bakinsa.

Siton wani ɗaki ne a bayan ajujuwa. Karyayyun bencina ne a ciki, da tsofaffin rajistoci da gara ta cinye, da taga ɗaya da aka toshe da kwali. Yana shirin jan ƙofa sai ƙaramarsu, wadda ake kira Tsuntsuwa saboda ƙanƙantarta, ta riƙe masa hannun riga.

"Malam, laifin me muka yi?"

"Ba ku yi komai ba."

"To me ya sa ban da 'yan bencin gaba?"

 Ya ja ƙofar. Awa uku cur suka yi a ciki.

Rahoto ya fito, an yabi makarantar. Hedimasta ya sa shi a gilashi ya rataye a bango. Malaman tallafi kuwa suka tafi wasu makarantu, tunda a takarda wannan ba ta da yaro mai matsala ko ɗaya.

Daga nan sai suna ya bi yaran: 'yan sito. Suka daina ɗaga hannu a aji. Tsuntsuwa, wadda da take ta kokawa da haɗa baƙi har ta fara kamawa, in ya miƙa mata alli sai ta ɓoye hannuwa a baya ta ce, "Malam, ai ni 'yar sito ce." Kafin wata biyu, ɗan mai gyaran keke da 'yar wata mai ɗinki sun daina zuwa gaba ɗaya.

Amma abin da ya fi cin ran Malam Dogo shi ne wannan: duk lokacin da mota ta shigo harabar makaranta, sai sauran sha ɗayan su miƙe, su ɗauki jakunkunansu, su nufi sito ba tare da kowa ya ce musu uffan ba. Ko motar kawo alli ce. Wata rana ma wani mutum ne ya ɓata hanya ya shigo don ya juya motarsa, su kuwa har sun jera sun fita.

Ranar Alhamis, biyar ga Yuni, shugabar masu binciken ta dawo zagaye na biyu. Wata mace ce mai tabarau, ana ce mata Dakta. Juma'a aka sa ran zuwanta, sai uzuri ya sa ta zo da kwana ɗaya kafin nan. Tana isowa ƙofar aji, yara sha ɗaya suna fitowa a layi.

Ta ce, "Sannunku 'yan makaranta. Ina zuwa haka?"

Tsuntsuwa ta ce, "Sito, Anti. Ai baƙi sun zo."

Haka ta faɗa, ba kuka ba fushi, kamar mai faɗin ranar mako.

Hedimasta ya taho da sauri yana gyara hula. "Shara za su yi, Dakta. Yau ranar tsaftarsu ce."

Dakta ba ta ko kalle shi ba. Ta juya ga Malam Dogo. "Baba Malam, yara nawa ne a rajistarka?"

"Hamsin da biyu."

"Ni kuwa talatin da tara na gwada."

Hedimasta ya kafa masa ido. Shekara huɗu suka rage wa Malam Dogo ya yi ritaya, ga ƙarin girma da yake jira tun tuni.  Sai ya dubi yaran, suna tsaye da jakunkuna a kafaɗa suna jiran a ba su hanya.

Ya ce, "Sha uku muka ɓoye, Dakta. Ni na kira sunayensu. Biyu sun daina zuwa."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta bi yaran har siton, ta zauna kan wani karyayyen benci, ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi.

Ta ce, "Na zo neman abin da ke kashe wa yaro zuciya, na yi ta raba takardu a aji, ashe yana nan bayan wannan ƙofa."

Ta janye rahotonta da kanta, aikin wata da watanni, ta rubuta wa manyanta cewa abin da ta kai musu ba daidai ba ne. Ba kowane mai bincike ke iya wannan ba. Allah ya saka mata da alheri.

Litinin da ta biyo baya, a taron safe, gaban ɗalibai da malamai, Hedimasta ya kira Malam Dogo mai tona asirin gida. Ya sa masa takardar gargaɗi a fayil. Ƙarin girman bai zo ba har ya ajiye aiki.

Dakta kuwa ta gwada yaran ɗaya bayan ɗaya. Biyu ba sa hango allo, tabarau kawai suke buƙata. Ɗaya da kunne guda yake ji, kuma a bencin baya aka ajiye shi. Sauran takwas lafiyarsu ƙalau. An dai gaya musu ba za su iya ba, su kuma sun yarda.

Ta ce wa Malam Dogo, "Kada ka ce musu su haziƙai ne, ba za su yarda da kai ba. Ba su abin da za su iya yau. Gobe ka ƙara kaɗan."

Shekara guda tana zuwa duk Alhamis. Malaman tallafi ma suka iso. In mota ta shigo, sai Malam Dogo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ku zauna. Wurinku baƙin suka zo." Sai da aka ci zangon karatu guda kafin ƙafafunsu su daina motsi.

Shi kuma ya bi gidajen yaran ɗaya ɗaya yana neman gafara. A gidan su Tsuntsuwa kakarta ya tarar tana tsintar wake a tire.

Ta ce, "Sunkuyo, Malam, ƙofar tamu ba ta dogaye ba ce."

Ya zauna ya faɗa mata komai, bai rage ba. Tsohuwar ta ajiye tiren.

"Ashe kai ne! Ni ina nan ina ta yi wa yarinya addu'a, da ta ji ƙarar mota sai ta shige bayan ƙofa." Sannan ta ce, "Na yafe, tunda ka tako da ƙafarka. Amma ka ga sandar nan? In ka sake, har aji zan same ka, duk tsawonka."

Mai gyaran keke ya saurare shi, ya ce, "Na gode da ka zo, Malam, amma yaron ya rantse ba zai sake taka makaranta ba." Bai kuwa sake ba. Mai ɗinki ta tashi daga unguwar da 'yarta, har yau ba a san inda suke ba.

Sha ɗayan nan duk sun gama firamare sun wuce gaba. Tsuntsuwa yanzu ita ma alli take riƙewa, aji biyu take koyarwa. Malam Dogo ba ya gajiya da godiya: ga Allah, ga Dakta, ga iyayen da suka karɓe shi da ruwan sha maimakon zagi, ga yaran da suka sake yarda da mutumin da ya rufe su.

Da farko ya so ya bar maganar a nan. To amma a watan jiya, a wani taron iyaye da malamai, tsohon Hedimasta, wanda yanzu babba ne a ofishin ilimi, ya miƙe ya ce shi ne ya kawo shirin tallafi makarantar. Aka tafa masa.

Malam Dogo ya ce ba ya neman ƙarin girma, lokacinsa ya wuce. Amma akwai yara biyu da ba su dawo ba, kuma ba za a tafa a kansu ba.

Darasi: Abin da babba ya ɗauki yaro, shi yaron zai ɗauki kansa, har ya riƙa kai kansa sito ba a aike shi ba. Kuma wanda ya ɓoye wa mai bincike gaskiya, magani ya hana marar lafiya. Ku tura wannan ga duk malami da duk uba da uwa da kuka sani, ku yi ta turawa har ya isa hannun wanda ya ba da umarnin. Abin da ake nema a wurinsa a fili yake: ya janye takardar gargaɗin nan, ya zo taron safe gaban ɗalibai da iyaye, ya kira sunayen nan goma sha uku ɗaya bayan ɗaya, har da biyun da ba za su amsa ba, ya ce, "Na zalunce ku, ku yafe min."